Amsa ga 'yar'uwar da leɓenta ke tsagewa duk da man leɓe

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce tun shigowar hunturu leɓenki ke tsagewa har da jini, kina shafa man leɓe na kanti amma bushewar ƙaruwa take, kuma kina son a koya miki haɗa naki a gida. Ki fara ɗauko wanda kike shafawa ki karanta bayansa, don sau da yawa matsalar tana nan.

Fatar leɓe siririya ce, kuma ba ta fitar da maiƙon kanta kamar fatar fuska. Shi ya sa iskar Disamba da Janairu a Zariya take fara cin leɓe kafin ko'ina. Abin da yake buƙata kawai maiƙo ne mai kauri da zai rufe shi ya riƙe danshi. To amma da yawa daga cikin na kasuwa ana zuba musu mentol, kafur ko finol. Su ne ke ba da sanyin nan da ɗan raɗaɗi da mutane ke ɗauka alamar magani na aiki ce. Ba aiki ba ne, fata ce ke jin zafi. Sanyin na wucewa sai leɓe ya fi da bushewa, ki sake shafawa, haka za a yi ta zagaye. Asid ɗin salisilik kuma aikinsa saɓule matacciyar fata, bai dace da leɓen da ya riga ya tsage ba. Sai turare da kayan ɗanɗano, musamman na kirfa, na'a-na'a da lemo, waɗanda ke jawo wa wasu ƙaiƙayi da kumburi. Mai zaƙi ma yana sa a riƙa lasar baki, miyau kuwa idan ya bushe da danshin leɓen yake tafiya.

Wanda na fi tsoratar da mata a kansa shi ne na mayar da leɓe ja da ake sayarwa a 'yan robobi babu suna, babu lambar NAFDAC, babu jerin abin da ke ciki. Irin wannan haɗin kan ƙunshi sinadaran bilicin, yana siranta fata, kuma duk abin da aka shafa a leɓe wani ɓangarensa ciki yake shiga. Basilin fari tatacce na kamfani mai rajista kuwa ba shi da laifi, kada a tsorata ki da shi.

Haɗin gida abu uku ne: kakin zuma giram 10, man kaɗanya giram 10, man zaitun ko man kwakwa giram 20. In babu ma'auni, ki goge kakin a magogi ki danna shi ya cika babban cokali 1, kaɗanya cokali 1, mai cokali 2. Zai cika 'yan gwangwanaye kamar 4. Man kaɗanya ba ya wuya a kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada, ki shinshina, in yana warin tsami ko ƙauri ki bar shi. Kaki ki nema wajen masu zuma. In saƙar kika samu, ki tafasa ta cikin ruwa, ki tace da tsumma mai tsabta, ki bari ya kwana. Da safe za ki ga kakin ya daskare a sama kamar faifai, sai ki kankare dattin ƙasansa ki shanya ya bushe sarai. Kaki na gaskiya yana da ƙamshin zuma, wanda ba ya ƙamshi kuma yana santsi a hannu wataƙila an gauraya shi da kyandir.

Kada ki ɗora kaki kai tsaye a wuta, yana ƙonewa kuma yana iya kamawa. Ki zuba ruwa kaɗan a tukunya, ki sa kwanon silba a ciki, wuta ƙasa-ƙasa. Kakin ne farko, don sai zafi ya kai wajen digiri 63 yake narkewa. Ki bi shi da man, ki sauke, sannan ki sa kaɗanya ta narke da sauran zafin. Kafin ki juye, ki ɗiga kaɗan a bayan cokali mai sanyi ki jira minti 1. In ya yi tauri ƙara mai, in ya yi ruwa ƙara kaki. Ki juye da sauri, ki sa a firij minti 20 ko ki jera gwangwanayen a faranti mai ruwan sanyi, kuma kada ki rufe sai ya huce.

Saurin hucewar nan yana da muhimmanci. Kaɗanya in ta huce a hankali takan yi tsaki-tsaki a leɓe. In hakan ta faru ba asara, sake narkarwa za ki yi. Abin da ke lalata haɗi gaba ɗaya shi ne ruwa: ɗigo ɗaya daga tururi ko jiƙaƙƙen cokali na iya kawo fumfuna. Don haka ban goyi bayan zuba zuma ba, duk da yadda ake yaɗa shi. Zuma ba ta haɗuwa da mai, takan kwanta a ƙasa ta riƙa tsatsowa. Lemon tsami da man kanumfari ma a bar su, ƙona leɓe suke. Man kwakwa yana narkewa tun daga digiri 24, saboda haka in za ki yi na bazara, Maris zuwa Mayu, ki kai kakin giram 13 don kada ya tsiyaye a jaka. Ki yi kaɗan-kaɗan wanda zai ƙare cikin wata 6, ki ajiye nesa da rana.

Ki fara gwadawa a cikin damtsenki kwana 2, don akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar kayan zuma. Ki shafa bayan alwala tun leɓen na da ɗan danshi, da kuma lokacin kwanciya, ki daina ɓare busasshiyar fatar da haƙori. In an yi mako 3 babu sauƙi, ko kusurwar bakin ce ke tsagewa tana fari, wannan ya wuce man leɓe, yana iya zama ƙwayar cuta ko ƙarancin jini. Ki je asibitin koyarwa na Shika ki ga likitan fata. Allah ya ba ki lafiya.