Likita ne ni a gida, wane aiki zan iya yi a Kanada?

Likita, ka ce ka yi shekaru kana duba marasa lafiya a Najeriya, yanzu ka samu takardar zaman dindindin a Kanada, kana tambaya ina za ka nufa.

Takardarka ta digirin likita (MBBS) kaɗai ba za ta ba ka lasisi ba, kuma kowane lardi ne ke ba da nasa. Fara da kai takardunka hukumar Medical Council of Canada ta tantance su, sannan ka zauna jarrabawar MCCQE, wato jarrabawar cancanta da hukumar ke shirya wa likitoci. Daga nan hanya ta rabu biyu. Masu neman gurbin horon ƙwarewa suna ƙarawa da jarrabawar NAC, wadda ke gwada yadda likita ke duba mara lafiya, su shiga CaRMS, tsarin da ke raba guraben horon. Guraben waɗanda suka yi karatu a waje kaɗan ne, wasu kan yi shekaru suna nema.

Da ni ne kai, hanya ta biyu zan bi. Larduna irin su Saskatchewan da Manitoba suna da tsarin da ake sa ido kan aikin gogaggen likita na kusan mako 12, in ya haye a ba shi lasisi, da sharaɗin zai yi wasu shekaru a ƙaramin gari. Sanyi kam sai haƙuri. Amma ka kula: suna duba yaushe rabonka da duba mara lafiya. In ka daɗe kana tuƙa Uber, wannan ƙofar na iya rufewa, shi ya sa wasu ke komawa gida su ɗan yi aiki su dawo.

Kafin nan, nemi aikin mataimakin likita a asibiti, ko sashen binciken magunguna, ko ka yi digiri na biyu a kiwon lafiyar al'umma.