Tambaya da Amsa: Taimakon Yaran Ƙasashen Waje, Tsakanin Tara Kuɗi da Tafiya da Kai

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce mai karatun aikin jinya a wata jami'a a Ingila. Wata ƙungiyar ɗalibai tana shirya tafiya ƙasar Nepal a lokacin dogon hutu domin aikin sa-kai na mako biyu a wani gidan marayu, kuma an ce kowa ya tara fam 2,000. Har na fara sayar da cincin da sambusa a harabar masallaci bayan sallar Juma'a, 'yan'uwa kuma suna ta ba ni gudummawa. Sai dai wata malamarmu ta ce in sake tunani, ba ta kuma yi mini cikakken bayani ba. Shin akwai aibi a taimakon marayu?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya saka miki da alheri bisa wannan niyya. Babu aibi a taimakon maraya, kuma kin san falalar da hadisi ya ambata ga mai ɗaukar nauyinsa. Ina kyautata zaton abin da malamarki take jiye miki shi ne ita tafiyar kanta, kuma a ganina tana da gaskiya.

Yawancin yaran da ke gidajen marayu a irin waɗannan ƙasashe ba marayu ba ne. A lokacin yaƙin basasar Nepal, daga 1996 zuwa 2006, wasu dillalai sun riƙa shiga ƙauyukan yankuna masu nisa irin su Humla suna karɓar yara daga hannun iyayensu, da alkawarin za a sa su makaranta a Katmandu, daga baya kuma a yi musu takardun ƙarya cewa iyayensu sun rasu. Ba banza ba ne aka ga gidajen marayun ƙasar sun fi taruwa a wuraren da masu yawon buɗe ido ke zuwa, kamar Katmandu da Pokhara, domin a nan baƙi masu tausayi da kuɗi suke. A Kambodiya ma haka abin ya kasance: wani bincike da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNICEF, ya tallafa aka fitar a 2011 ya nuna cewa gidajen marayu sun ƙaru da kashi 75 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2010, alhali kusan uku cikin kowane yara huɗu da ke ciki suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya raba su da gida, kuma kuɗin baƙi ne ya sa raba su ɗin ya zama sana'a. Wannan ya sa Ostareliya, lokacin da ta kafa dokar yaƙi da bautar zamani a 2018, ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin wani nau'in bauta, sannan a Disambar 2019 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurin da ya buƙaci ƙasashe su magance illar aikin sa-kai a irin waɗannan gidaje.

Ko da a ce gidan da za ku je na gaskiya ne, akwai sauran magana, kuma ke da kike karatun jinya za ki fi kowa gane ta. Ƙaramin yaro yana bukatar mutum ɗaya tsayayye da zai shaƙu da shi. Idan baƙuwa ta zo ta ɗauke shi, ta goya shi, ta koya masa waƙa, ranar da ya fara sanin muryarta kuma ta haɗa kayanta ta tafi, wata ta zo ta maimaita, abin da yaron yake koya shi ne duk wanda ya so zai tafi ya bar shi. Yaron da zai rugo da gudu ya maƙale wa wanda bai taɓa gani ba, wanda baƙi ke ɗauka a matsayin ƙauna har su ɗauki hoto, masana halayyar yara suna ganin hakan alamar rauni ce. Binciken da aka fara a Bukarest ta Romaniya a 2000 kan yara 136 da ke gidajen reno ya nuna cewa waɗanda aka mayar hannun iyalai masu riƙo, musamman kafin su kai shekara biyu, sun fi waɗanda aka bari a gidajen ci gaba ta fuskar basira da mu'amala. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Shawarata ita ce ki ci gaba da sayar da sambusarki, amma ki sauya inda kuɗin za su nufa, bayan kin gaya wa waɗanda suka ba ki gudummawa kin kuma nemi yardarsu, tunda da sunan tafiya suka bayar. Ki tambayi masu shirya tafiyar nawa ne daga cikin fam 2,000 ɗin zai tafi a kuɗin jirgi da masauki, nawa ne zai isa ga yaran. Amsar kaɗai za ta isa ta yanke miki hukunci. Ki nemi ƙungiyar da ke tallafa wa yaro yana cikin danginsa, kamar tsarin ɗaukar nauyin marayu na Islamic Relief, wadda aka kafa a Birmingham a 1984, ko Mary's Meals da ta fara ciyar da 'yan makaranta a Malawi a 2002, inda iyaye da mutanen gari ne ke dafa abincin da kansu. Kafin ki ba kowace ƙungiya mai rajista a Ingila ko sisi, ki duba sunanta da rahoton kuɗinta a rajistar Charity Commission, hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji a Ingila. Idan kuma masu bayarwa suna biyan haraji a Birtaniya, su tura kai tsaye ta tsarin Gift Aid, domin gwamnati tana ƙara kwabo 25 a kan kowane fam ɗaya. Tafiya kuwa, ki bari sai kin kammala karatu kin samu ƙwarewa, lokacin da wani asibiti zai bukace ki na watanni a ƙarƙashin ma'aikatan ƙasar.

TAMBAYA: Mu matasa ne a wata unguwa a Kano. Hotunan yaran Sudan da ke gudun hijira a gabashin Chadi sun tayar mana da hankali, muna son mu tara kuɗi da tufafi ta WhatsApp mu aika. Yaya za mu yi?

AMSA: Malam, madalla da wannan himma. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, dubban ɗaruruwan mutane sun tsallaka zuwa Chadi, da yawansu ta garin Adre, kuma mata da yara ne mafi rinjaye, saboda haka bukatar ta gaske ce. Kada ku tara kuɗin a asusun ajiyar mutum ɗaya, komai amanarsa, domin zargi ba ya jiran hujja. Ku sa mutum uku su riƙa sa hannu, ku riƙa sanar da abin da ya shigo a kowane mako, ku kuma nuna takardar shaidar turawa ga duk wanda ya bayar. Ku aika ta hannun waɗanda suke can da ma'aikatansu, irin su UNICEF, da hukumar 'yan gudun hijira ta UNHCR, da ƙungiyar likitoci ta MSF. Batun tufafi kuwa ku haƙura da shi, domin kuɗin mota daga Kano zuwa iyakar Sudan zai iya fin darajar gwanjon da kuka tara; ku raba su ga almajirai da marayun unguwarku, waɗanda ba sa bukatar kuɗin mota.

Ku kuma yi hattara da duk wanda ya zo muku da maganar ɗauko yaran zuwa wani wuri. A wannan yankin ne, a Oktoban 2007, aka kama 'yan wata ƙungiyar Faransa mai suna Arche de Zoé a Abeche suna shirin fita da yara 103 da sunan marayun Darfur, sai bincike ya nuna yawancinsu 'yan Chadi ne masu iyaye ko dangi. Kotu a Injamena ta yanke wa Faransawa shida ɗaurin shekara takwas da aiki mai tsanani, kafin shugaban Chadi na lokacin, Idriss Deby, ya yi musu afuwa a 2008.

TAMBAYA: Ko ya halatta in tura zakkata ga yaran wata ƙasa?

AMSA: Abin da aka sani a mazhabar Malikiyya shi ne a raba zakka a garin da ta wajaba ko kusa da shi, sai idan mutanen wani wuri sun fi tsananin bukata, a nan ne ake kai musu. Ki tuntuɓi malamin da kika amince da shi kan halin da kike ciki, sannan idan za ki tura, ki tabbatar ƙungiyar tana da asusun zakka daban wanda ba a cakuɗa shi da sauran sadaka ba.