Ina ruwan furotin da mutuwar kajina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina kiwon kajin ƙwai a Bukuru. Cikin kwana uku na yi asarar da yawa, wasu da koren kashi, wasu wuya a murɗe. Likitan da ya zo ya ɗauki matattu ya kai cibiyar binciken dabbobi ta Vom, ya ce sai an duba furotin ɗin ƙwayar cutar kafin ya faɗi abin yi. Ni dai a wake da ƙwai na san furotin. Me ake dubawa, kuma me ya hana shi ba ni magani kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar miki da alheri. Likitanki ya yi daidai, ko da yake na san jiran yana da ciwo alhali kaji na faɗuwa.

Alamomin da kika lissafa ba na cuta ɗaya ba ne. Cutar Niyukasil tana kawo su, murar tsuntsaye ma haka, kwalarar kaji kuma tana kashewa farat ɗaya. Biyun farko ƙwayoyin bairas ne, ta ukun bakteriya ce. Magungunan da ake zubawa a ruwan sha, irin su tetrasaikilin, bakteriya kaɗai suke kashewa. In bairas ne, kuɗin ki kawai za ki zubar, ki kuma koya wa bakteriyar gonarki jure magani.

Furotin kuwa ba a abinci ya tsaya ba. Da shi aka gina kowane mai rai, har ƙwayar cuta, daga tubala iri 20 da ake jerawa ta hanyoyi daban-daban. Rigar da bairas yake sanye da ita furotin ce, da ita yake manne wa jikin kaza ya kutsa, kuma da ita ake gane shi, kamar yadda zane a fuska yake nuna asalin mutum. Kin san sunan H5N1, wadda ta fara bayyana a Najeriya a jihar Kaduna a 2006? H da N ɗin nan sunayen furotin biyu ne a jikin rigar. A tsuntsaye an san H iri 16 da N iri 9.

Ga aikin da nake sha'awa har yau. Ana niƙa ɗan yanki daga huhu, hanji ko ƙwaƙwalwar kazar, a tace, a yi wa ƙwan da ɗan tsako ya kwana 9 zuwa 11 a ciki allura da ruwan. Bairas ya hayayyafa a ciki. Bayan 'yan kwanaki sai a zuƙo ruwan ƙwan a gauraya da jajayen ƙwayoyin jinin kaza a faranti mai ƙananan ramuka. In babu bairas, jinin zai kwanta a ƙasa ya zama jan ɗigo kamar maɓalli. In akwai, furotin ɗin rigarsa zai kama ƙwayoyin jinin ya haɗe su, su bazu kamar tabarma. Amma Niyukasil da mura duk suna yin haka. Sai a kawo ruwan jinin da aka san yana ɗauke da garkuwar Niyukasil a zuba. In haɗewar ta tsaya, an kama ɓarawo. In ba ta tsaya ba, a gwada garkuwar mura. Yanzu ana haɗawa da gwajin PCR, mai karanta ƙwayoyin gadon cutar, domin ya fi sauri.

Ta ɓangaren bakteriya, ana shuka ta a faranti ta tsiro. A manyan ɗakunan bincike akwai na'urar MALDI-TOF, wadda ke harba hasken leza a kan ɗan abin da ya tsiro. Furotin ɗin ya tashi cikin bututu, mara nauyi ya riga mai nauyi isa ƙarshe, kwamfuta ta kwatanta jerin da waɗanda ta adana, ta fitar da suna cikin mintuna.

Amfanin bai tsaya kan kaji ba. Ɓorun shanu, wato ciwon baki da kofato, iri 7 ne a duniya, kuma rigakafin iri ɗaya ba ya kare saniya daga wani, saboda rigunansu sun bambanta. Shi ya sa makiyayi zai yi allura, ɓoru ya zo, ya ce maganin jabu ne, alhali wataƙila ba a dace da irin da ke yawo ba ne. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, da ke wurin tun 1924, tana sarrafa rigakafi har da LaSota, rigakafin Niyukasil da kuka sani, kuma irin wannan bincike ne ke nuna wanda ya dace.

Abin da ya fi ɓata mana aiki shi ne samfurin da ya lalace. Zafi yana lalata furotin, kamar yadda farin ƙwai ke sauyawa a kasko. Kazar da ta kwana a rana ba ta faɗa mana komai. In wata ta sake mutuwa, a sa safar hannu, a ƙulle ta a leda biyu, a sa cikin kula da ƙanƙara, a kai a ranar.

Kafin sakamako ya fito, Hajiya, kada ki sayar da ko ɗaya, kada a yanka marar lafiya a ci, domin murar tsuntsaye tana iya kama mutum. Ki hana baƙi shiga keji, ki ajiye ruwan magani a bakin ƙofa don tsoma takalmi, sauran matattun kuma a binne su da zurfi inda kare ba zai tono ba.