Amsa ga 'yar'uwar da aka nemi maigidanta ya shiga binciken tiyata

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Kin ce za a yi wa maigidanki aikin ciki, an kawo masa takarda ya sa hannu ya shiga wani bincike, ke kuma kina tsoron kada a mai da shi zakaran gwajin dafi. Tsoronki yana da tushe. Waye a Kano ya manta da 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan ana tsakiyar annobar sanƙarau? Yara 200 aka sa a ciki, 11 suka rasu. Abin da ya fara faɗo mini a rai ke nan a 2019, da aka miƙo mini irin takardar nan kafin a yi mini aikin hanji.

Sai na ce wa likitan, tsakani da Allah me za ku gwada a jikina? Ya zauna ya yi mini bayani da Hausa. Sunan binciken FALCON, a kan ruɓewar miki bayan tiyata. Abu biyu ake kwatantawa: ruwan da ake goge fata da shi kafin yanka, aidin ko chlorhexidine, da zaren ɗinki, mai magani a jiki ko na yau da kullum. Dama duk ana amfani da su a asibitoci. Ba ni zan zaɓa ba, ba shi ba, ƙuri'a ce, kuma ba za a gaya mini wanda ya faɗo mini ba. Wannan ya tsaya mini a rai, na kwana ina juya shi kafin na amince.

Bayan kwana 30 aka sake duba ɗinkin, aka tambaye ni ko ya taɓa yin ruwa ko mugunya.

A 2021 sakamako ya fito: majinyata 5,788 a ƙasashe 7, har da Najeriya da Gana da Benin, kuma masu tsadar, wato chlorhexidine da zare mai magani, ba su fi masu araha hana ruɓewa ba. Mu da ake rubuta wa kayan aiki mu je mu saya da kuɗinmu, mun san darajar wannan amsa.

Ba na ce lallai ya shiga ba, don kowane bincike da nasa. Ku tambaya ko kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin ya amince, da wanda zai ɗauki nauyi idan aka samu matsala. Idan ya ƙi, haƙƙinsa ne a yi masa aikinsa yadda ya kamata, kuma ko ya sa hannu yana iya janyewa. Ku karɓi kwafin takardar da lambar wayar mai binciken. Allah ya ba shi lafiya.