Shin fitilar busar da gam tana ɓata sikirin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gyaran waya a Circle, nan Accra. Na ji an ce da haske ake jera ruwan da ke cikin sikirin na LCD. To fitilar UV (mai hasken ultraviolet) da muke busar da gam da ita ba za ta rikita shi ba? Kuma me ke sa wani sikirin ya riƙe inuwar hoto? Daga wani mai karatu a Nima.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne, amma ka kwantar da hankalinka game da fitilarka.

Tsakanin gilasai biyu na sikirin akwai ruwan kiristal, kaurinsa bai wuce maikiromita 3 zuwa 4 ba (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Ƙwayoyinsa dogaye ne kamar tsinken tsintsiya, kuma dole su kwanta su fuskanci gefe guda kafin hoto ya fito. Abin da ke kwantar da su shi ne wani siririn shafe na folima (dangin roba mai ƙwayoyi dogaye kamar sarƙoƙi), galibi irin da ake kira foliyimid, mai kaurin kusan nanomita 100 (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikiromita), wanda ake gasawa a zafin da ya haura digiri 200.

A da, da ƙyallen karammiski a kan abin naɗi ake goge shafen, kamar ana taje gashi. Gugar tana barin ƙura da ƙarzuna, tana kuma tara wutar gogayya mai ƙona ƙananan tiransistoci. Shi ya sa masana'antu da yawa suka koma ga haske. Kunihiro Ichimura na Japan ya nuna hanyar a 1988, kamfanin Sharp kuma ya fara ƙera manyan sikirin da ita a 2009.

Ba kowane haske ne ke yin aikin ba, sai wanda aka tace yana kaɗawa ta fuska ɗaya. A irin foliyimid da aka yi don wannan aiki, hasken UV mai tsawon zangon nanomita 254 yana tsinke sarƙoƙin shafen da suka kwanta daidai da kaɗawarsa, ya bar waɗanda suka gitta. Ruwan kiristal sai ya bi waɗanda suka rage. Ana yin haka ne shafen yana fili, kafin a haɗa gilasan.

Fitilarka kuwa tana tsakanin nanomita 365 da 395 ne, haskenta ba tacacce ba ne, ledar tace haske da ke manne a saman gilashin kuma tana shanye mafi yawansa. Mintunan busar da gam ba za su sauya jerin ba. Zafin injin raba gilashi ya fi cancantar ka sa masa ido, don yana iya lalata ledar nan.

Inuwar hoto sau da yawa daga masana'anta take tasowa. Idan hasken bai isa ba, riƙon shafen yana yin rauni, ƙwayoyin su kasa komawa mazauninsu da wuri. Idan kuma ba a wanke ko gasa ɓurɓushin sarƙoƙin da suka tsinke ba, suna gurɓata ruwan, caji ya taru. Wannan ba ya gyaruwa a teburin mai gyara. Kafin ka manna sabon sikirin, ka bar hoto mai baƙi da fari a kansa na kusan minti 15, sannan ka buɗe shafi mai launin toka. In ka ga inuwa ta daɗe, ka mayar wa dila.