Za mu je nutso a tsibirin Bonaire: wace irin mota za mu ɗauka haya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Manchester ne a Ingila. Mu huɗu ne, ni da mai ɗakina da ƙannena maza biyu, muka shirya zuwa tsibirin Bonaire na kwana takwas a watan Maris domin yin nutso a teku. Dukkanmu muna da takardar shaidar nutso. A Sharm el-Sheikh ta Masar muka koya, amma can jirgin ruwa ne yake kai mu ya dawo da mu. Yanzu an ce mana a Bonaire sai mun ɗauki hayar mota. Ni na fi son jif mai sanyi da rufaffen but don kayanmu su tsira. Mai ɗakina ta ce ƙaramar mota ta isa tunda tsibirin ba wani girma gare shi ba. Autanmu kuma ya dage sai a-kori-kura. Wa ya fi gaskiya? Sannan katin bankina yana da inshorar motar haya, shin ta wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Auta ne ya yi gaskiya. Ka ba Hajiya haƙuri, kai ma ka haƙura da jif ɗin. Ku nemi a-kori-kura mai kujerun zama gaba da baya, ƙofa huɗu, irin Hilux ɗin nan da ka saba gani a gida, kuma in so samu ne ta ɗan kwana biyu a hannun masu haya.

Dalili shi ne nutson Bonaire ba irin wanda kuka saba yi a Masar ba ne. Tsibirin yana kudancin tekun Karibiyan, kimanin kilomita 80 daga gaɓar Benezuwela, kuma ƙarƙashin Holan yake. Iska daga gabas take kaɗawa kusan duk shekara, saboda haka gefen yamma a kwance ruwansa yake, kuma duwatsun murjani suna farawa ne 'yan mitoci kaɗan daga bakin ruwa. Titi ya bi gaɓar nan daga kudu har arewa. A gefen titin za ka riƙa ganin duwatsu da aka shafa wa fenti ruwan ɗorawa, an rubuta sunan wurin nutso a jikin kowanne. Ka ga dutsen, ka sauka daga titi, ka faka, ka goya tukunyar iskarka, ka taka ka shiga ruwa. Babu matuƙi, babu mai buga ƙararrawa ya ce lokaci ya yi. Wuraren da ake shiga ta haka sun haura hamsin. Duk aikin da jirgin ruwa ya yi muku a Sharm, a nan motar ce za ta yi shi: ita za ta ɗauki kaya, a jikinta za ku shirya, a cikinta za ku huta tsakanin nutso da nutso.

To mu lissafa kayan. Tukunyar iska ta alminiyam da aka fi bayarwa, mai cin lita 11, idan an cika ta tana kai kilo 17 ko fiye da haka kaɗan. Kusan kowa yana fita da biyu da safe don kada ya yi ta zarya. Ku huɗu, tukunya takwas ke nan, wajen kilo 140, ba a sa dalmar da kowa zai ɗaura a ƙugu ba, ba a sa rigunan nutso da fikafikan ƙafa da jarkar ruwa ba. Ƙaramar motar da Hajiya take so, ko an danna kayan sun shiga, sai ɗayanku ya bi ku a ƙafa. Kuma tukunyar iska ba buhun masara ba ce da za a jefa ta duk inda aka ga dama. In tana gangarawa a but tana dukan 'yar'uwarta, bakinta ne yake shan wahala. Motocin haya na tsibirin galibi an kafa musu katako mai gurabe a baya, kowace tukunya da mazauninta. Ka tambaya tun kafin ka biya ko motar tana da shi, da kuma tukunya nawa yake ɗauka.

Nauyin ma da sauƙi, jiƙa ce babbar matsala. Duk abin da ya fito daga teku yana ɗigar da ruwan gishiri, ga yashi da ɓurɓushin murjani. Ka zuba wannan a kan kafet ɗin jif kwana biyu a zafin Karibiyan, a rana ta uku ba sai an gaya maka ba, hancinka zai ba ka labari, ranar mayar da mota kuma a caje ka kuɗin wanki na musamman. Bayan a-kori-kura kuwa, guga ɗaya na ruwa ya gama magana.

Akwai kuma murfin baya, wanda ba ka sanin darajarsa sai ka gwada. Ka sauke shi, ka tsayar da tukunya a kai da rigarta a ɗaure, ka juya baya ka ɗan zauna, ka zura hannuwa, ka ja maɗauri, ka miƙe. Tsayinsa daidai ƙugu yake. Wanda ya taɓa sunkuyawa ya ɗago kilo 20 daga ƙasa ya wurga a bayansa sau uku a rana ya san abin da nake nufi.

Yanzu ga hujjarka ta rufaffen but. A ko'ina cikin duniya ka yi daidai, amma ban da wuraren nutson Bonaire. Tsibirin da zaman lafiya, sai dai 'yan sane sun san cewa motar da aka faka kusa da dutse mai ruwan ɗorawa, masu ita suna ƙarƙashin ruwa kuma ba za su fito ba sai bayan kusan awa guda. Shi ya sa masu ba da haya da kansu suke cewa ka sauke gilashi, kada ka kulle ƙofa, kada ka bar komai mai daraja. Mai leƙe ya leƙa, ya ga tsohon tawul da silifa, ya wuce. Ni ma a zuwana na farko na ga abin kamar wasa, na kulle mota na bar jakar baya a kan kujera. Ba komai a cikinta sai dabino da man shafawa na rana. Na fito na tarar da gilashin baya a warwatse a kan kujera, jakar kuma an yar da ita bayan wata ƙaya. Dabinon na nan, amma kuɗin gilashi daga aljihuna ya fita, domin takardar da na sa wa hannu ta faɗa ƙarara, ni ne ban karanta ba. Waya, fasfo, walat, kyamarar da ba ta shiga ruwa, duk a bar su a masauki. Tunda haka ne, ka ga amfanin but mai kulle ya ƙare, sabuwar mota mai sheƙi kuma ido kawai take ja.

Wannan ya kawo mu kan makulli. Tunda da shi za ka shiga ruwa, ka roƙi a ba ka na ƙarfe zalla, ka ɗaure shi da igiya a cikin aljihun rigar nutso. Makulli mai rimot in ya sha ruwan gishiri ya tashi daga aiki, kuma da wuya inshora ta biya. In babu sai mai rimot, ka sayi ɗan ƙaramin kwanon da ba ya shan ruwa, wanda aka rubuta yana jure zurfin mita 40 ko fiye. Ɓoye makulli a saman taya ba dabara ba ce, nan ake fara dubawa.

Batun giya: yawancin a-kori-kurar tsibirin masu giyar hannu ne. Otomatik akwai, amma ba su da yawa, sun fi tsada, kuma watan Maris lokacin cikowar baƙi ne, sai ka kama tun da wuri. A hannun dama ake tuƙi, saɓanin Ingila, wato sitiyari a hagu, giya a hannunka na dama. In a gida ka koyi mota, hannunka zai tuna, tunda Najeriya ta koma tuƙin dama tun 1972. In kuwa a Manchester ƙannenka suka koya, kai ka riƙe sitiyarin a kwanakin farko, kuma duk wanda zai taɓa motar a rubuta sunansa a takardar haya.

Ba sai kun biya kuɗin mota mai ja da ƙafa huɗu ba. Abin da kuke buƙata shi ne tsayin ciki daga ƙasa da tayoyi masu rai. Kudancin Kralendijk, babban garin, shimfiɗe yake kamar faranti. Ta nan za ku je Hilma Hooker, jirgin dakon kayan da ya nutse a 1984 yake kwance a zurfin kusan mita 30, da gadar lodin gishiri, wadda ba a nutso a ƙarƙashinta in jirgi ya zo ɗaukar kaya. Titin kwalta ne, amma inda ake fakawa tarin busasshen murjani ne mai kaifi, ga ƙayoyi. Don haka kafin ka bar harabar masu haya ka durƙusa ka ga safaya da idonka, ka danna ta, ka tabbata akwai jak da sifana. Arewa kuma hanyar siririya ce, tana bin gefen dutse. Can ne wurin da ake kira 1000 Steps, wanda matakalarsa ba su ma kai ɗari ba, sai dai in kana hawowa da tukunya a baya za ka rantse dubun ce. Daga wannan yankin zuwa wurin nutson da ake kira Karpata hanyar ta zama mai tafiya ɗaya, ba a juyowa. In kun wuce, sai kun zagaya ta garin Rincon kafin ku dawo. Ku tsara nutsonku daga kusa zuwa nesa, kuma kada ku shiga da ɗan guntun mai. Gudu kilomita 40 ne a cikin gari, 60 a waje, kuma ka kiyaye shi musamman in kun fito nutson dare, domin jakuna da awaki sakaka suke yawo, jaki kuwa in ya tsaya a tsakiyar titi ba ruwansa da hon.

Inda maganar take canzawa shi ne gandun Washington Slagbaai da ke ƙarshen arewa, wanda aka kafa a 1969. Hanyoyinsa na ƙasa ne, ga gargada, ga hawa da gangara, in an yi ruwan sama ma akan rufe su. Ƙaramar mota ba ta da wurin zuwa a can, kuma wasu masu haya sun hana shiga da motarsu ko sun cire gandun daga inshora. Ka tambaya, a rubuta maka amsar. Shawarata ku ajiye shi sai ranar ƙarshe. Dama ƙa'ida ita ce bayan kwanaki ana nutso a jere a huta aƙalla awa 18 kafin a hau jirgin sama, da yawanmu ma cikakken yini muke bayarwa. Ranar sai ta zama ta kallon tsuntsaye da duwatsu.

Sai inshorar katin banki, kuma a nan nake so ka fi natsuwa. Da yawa daga cikin irin waɗannan katunan suna rufe ƙananan motoci ne kawai, sun ware a-kori-kura da motocin ɗaukar kaya, wasu kuma sun ware duk abin da ya faru a hanyar da ba kwalta. Ka ga abubuwa biyun da za ku yi ke nan. Ka rubuta wa bankin, ka ambaci Bonaire da sunanta, ka ambaci irin motar, su ba ka amsa a rubuce. In suka yi ta kewaye-kewaye, ka sayi ta masu hayar, wadda suke kira CDW. Ita ma ba ta wanke ka gaba ɗaya ba: akwai wani kaso da kai za ka fara biya in an yi ɓarna, kuma sau da yawa taya, gilashi, ƙarƙashin mota da makulli ba sa ciki. Ka tambayi nawa ne kason, da nawa za a ƙara a sauke shi. Ku huɗu ne, in kun raba ƙarin ba zai yi wa kowa nauyi ba. Ranar karɓa ka zagaya motar da waya kana ɗaukar bidiyo, da ma'aikacinsu a tsaye, har cikin bayan da murfinsa. Waɗannan motoci sun sha duka, kada tabon wani ya zama naka. Kuɗin ajiya kuma yawanci a katin bashi suke riƙewa, da dalar Amurka, wadda ita ce kuɗin tsibirin tun 2011.

Don kada Hajiya ta ce an yi mata rashin adalci: da a ce otal mai wurin nutso a bakinsa za ku zauna, kuna bin jirgin ruwa zuwa Klein Bonaire, ɗan tsibirin da ke fuskantar Kralendijk wanda mota ba ta zuwa, to ƙaramar mota ta cefane da yawon gari ta ishe ku. Amma wanda ya tsallaka teku ya je Bonaire bai bi duwatsun nan ba, ya bar abin da ya kai shi. Kuma kujerun baya ita za su fi yi wa amfani, domin yawancin wuraren nutson babu banɗaki, babu ɗakin sauya kaya, fili ne fetal sai iska. Ta sa rigar ciki ta nutso tun daga masauki, ku tafi da babban zane da 'yan maƙalai a rataya a tagogin baya in za ta sauya.

Ku tuna ba za a bar ku ku fita da tukunya ba sai kun biya kuɗin kula da gandun ruwa, wanda hukumar STINAPA take karɓa ta intanet, kun saurari bayanin ƙa'idoji, kun yi nutson gwaji. Saboda haka safiyar farko a shagon nutso za ta ƙare. Tun daga ranar ku riƙa cika manyan robobin lemo huɗu da ruwan famfo kuna jefawa a bayan motar. Kafin ku fito daga ruwa rana ta ɗumama su, kowa ya ɗauraye gishirin fuskarsa, a yi alwala da sauran. Su kam ba mai ɗauka.