Tambayoyinku: Kayan aro a cikin manhaja

Tambaya: Malam barka da aiki, ina haɗa manhajar shago, kullum sai in jawo fakej ɗin wasu (guntun manhaja da suka riga suka rubuta) daga rumbun fakej na npm in saka, wai akwai haɗari? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Akwai fa ɗan'uwa. A 2018 mai wani fakej da ake kira event-stream ya gaji ya miƙa wa wani baƙo ragamarsa, shi kuma ya cusa abin satar bitcoin na masu amfani da manhajar ajiyar bitcoin ta Copay, jama'a suna ta saukewa ba su sani ba. To kar ka raba fayil ɗin package-lock.json da git (inda kake adana tarihin aikin manhajarka), fayil ɗin ne ke ɗaure sigar kowane fakej, ka riƙa buga umarnin npm audit (mai duba matsalar tsaro a fakej) duk sati, kuma fakej ɗin da aikinsa layi biyar ne wallahi zauna ka rubuta abinka kawai.